Daga Kyautar Sarki zuwa Takardar Meri: Yadda Gida ya Zama Hajar Kasuwa a Biranen Nijar

Duk wanda ya taɓa neman sayen gida ko fili a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san tambayar da ake fara yi wa dillali tun ba a je ganin wurin ba: wace takarda gare shi? Sai an ji amsar wannan sannan a tambayi yawan ɗakuna, da ko akwai famfo da lantarki, da nisan wurin daga kwalta. Za ka tarar da gida biyu bango ɗaya ya raba su, gininsu iri ɗaya, amma kuɗinsu ya yi hannun riga, don kawai ɗaya yana da takardar mallaka ta gwamnati, ɗayan kuwa ba shi da komai sai shaidar mai unguwa da ta maƙwabta. Da kakannin kakanninmu za su tashi su ji wannan ciniki, da ba su gane kansa ba. Tambayar takarda ba ta cika shekara ɗari da zama ruwan dare a ƙasarmu ba, kuma bin sawun yadda ta shigo yana bayyana dalilin tsadar filaye a yau, da dalilin rigingimun da mai saye da mai sayarwa suke faɗawa ciki.

A ƙasar Hausa ta dauri, kalmar gida ta fi nufin mutane bisa ga gini. In an ce gidan wane ya mutu, ana nufin zuriyarsa ta watse ko ta ƙare, ko da bangon yana nan tsaye. Ƙasar da aka yi ginin a kanta kuwa tana hannun sarki, shi ne mai riƙonta a madadin jama'a. Baƙon da ya zo da niyyar zama yakan nemi wanda zai kai shi gaban mai unguwa, ya miƙa goro, a nuna masa wani kango ko wani sarari a cikin ganuwa, ya kafa. Abin da aka ba shi izinin zama ne, kuma izinin yana bin zuriyarsa muddin suna wurin. Ranar da suka tashi, wuri ya koma hannun mai bayarwa.

Irin ginin ma ya taimaka wa wannan tsari. Ƙasa ake haƙa a kududdufin unguwa, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali, a aza azarar giginya, a yi daɓe. Attajiri yakan kira magina na gaske, waɗanda suke da sarkinsu da gadonsu, su ɗaura masa bakan gizo a zaure, su fitar da zankwaye, su shafe bango da makuba. Talaka kuwa da gayya yake gini. To amma ko wane ne daga cikinsu, dole kowace shekara kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo. Gidan da ya yi damina uku ko huɗu babu mai kula da shi ya kama hanyar zama kango, daga nan ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. Saboda haka darajar gida tana tare da hannuwan da ke raya shi. Idan an cire mutanen, abin da ya rage mai kuɗi bai wuce azara da ƙyaure ba, shi ya sa su ne ake fara kwashewa daga kufai.

Wannan bai nuna cewa ba a san sayar da gida ba sam. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan biranenmu ke hukunci da shi ya halatta cinikin, har ya tanadi babin shuf'a, wato haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na a fara yi masa tayin rabon da ɗan'uwansa zai sayar a cikin dukiyar da ba a raba ba. Sai dai abin da doka ta halatta al'ada ta sa masa kunya. Gidan gado nan ne aka binne mahaifar kowane ɗa, nan ne zauren da ake ɗaura aure da raɗa suna. Mutumin da ya sayar da shi ya sanar wa gari ke nan cewa ya karye.

Damagaram ta ba mu misalin inda kuɗi suka fara shiga harkar muhalli ta wata ƙofa dabam. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, an kewaye Birni da ganuwa, fada da masallaci da gidajen bayin sarki da malamai duk suna ciki. A arewa da Birni kuma ga Zango, masaukin ayarin da ke tasowa daga Tarabulus da Gat da Agadas. A Zango aka sami masu gida irin su Malam Yaro, attajirin da sunansa ya shiga littattafan Turawan farko da suka zo garin. Fatoma yakan sauki baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da abinci da wurin ajiyar kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa shaida. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki a ƙarshen wata. Ladansa yana cikin la'adar cinikin da aka ƙulla a zaurensa. Ke nan yawan ɗakuna jari ne tun wancan lokaci, illa dai ribarsa ta hanyar fatauci take zuwa. Mai gidan haya na yau da dillalin gidaje duka jikokin fatoma ne, ko da yake sun raba gadon: ɗaya ya ɗauki ɗakin, ɗaya ya ɗauki la'adar, amanar baƙo kuwa ba a ga wanda ya ɗauka ba.

Zuwan Nasara da kundin ƙasa

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Abin da suka kawo a fannin ƙasa shi ne kundi. Dokar 24 ga Yuli 1906, wadda ta 26 ga Yuli 1932 ta maye gurbinta, ta kafa a duk Afirka ta Yamma ta Faransa tsarin da ake auna wuri, a sa masa lamba, a rubuta shi da sunan mutum guda, a ba shi takardar da ake kira titre foncier, wadda ba a tayar da ita da zarar ta fita. Dokar 15 ga Nuwamba 1935 kuma ta ƙarfafa ikon gwamnati a kan duk ƙasar da ta ɗauka marar mai ita ce. A ƙasar da manomi ke barin gona ta huta shekaru, makiyayi kuma ke bin burtali ba tare da ya kafa ko turke ba, wannan fassara ta mai ƙasa ta haɗiye wurare masu yawa da kowa a gari ya san masu su.

A aikace, kamfanonin Turawa da ƴan kasuwar Sham da ƴan tsirarun ma'aikata ne suka mori kundin. Sauran jama'ar birni takardar izinin zama aka ba su, bisa sharaɗin su gina wurin cikin wa'adi, in ba haka ba a karɓe. Idan muka lura, kwamanda ya zauna ne daidai inda sarki yake zaune: shi ke bayarwa, shi ke karɓewa. Bambancin shi ne yanzu akwai hawa biyu na mallaka, na sama mai lamba da hatimi wanda banki ke karɓa jingina, da na ƙasa wanda ake zaune a kai bisa yardar hukuma. Bayan samun mulkin cikin gida, dokar 11 ga Yuli 1959 kan filayen gwamnati ta ci gaba da wannan tafarki na ba da fili da sharaɗin raya shi kafin a kai ga cikakkiyar mallaka.

Damagaram ce kuma ta fara ɗanɗana wani darasi, cewa darajar wuri tana bin inda mulki ya sa gaba. Daga 1911 ita ce hedikwatar yankin. A 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, aka ɗauke hedikwatar zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha yana cikin manyan dalilan da aka bayar. Ofisoshi suka tashi, ma'aikata da masu yi musu hidima suka bi su. Ƙauyukan bakin kogi da ba su kama ƙafar Birni ba a tarihi suka wayi gari gonakinsu ne za su zama ƙasa mafi tsada a Nijar. Matsalar ruwan kuwa ba ta bar Damagaram ba. Shekaru da dama bayan haka, mai neman gida a garin yakan tambayi yadda famfon unguwa yake kafin ya tambayi kuɗin haya.

Amma inda za a ga sauyin ƙarara, kamar an zana shi a allo, shi ne Maraɗi. Katsinawan da suka baro birninsu bayan ya faɗa hannun masu jihadi a 1807 sun kafa mulkinsu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Garin nasu a cikin kwarin Gulbi yake, kusa da ruwa da dausayi da duhuwar da ke ba da kariya daga mahara. Ya yi fiye da shekara 120 a nan, da lungunansa masu karkace-karkace, kowane gida yana faɗaɗa gwargwadon haihuwarsa. A daminar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya ci mafi yawan garin. Hukumar mulkin mallaka ta yanke shawarar a hau tudu. Masu awo suka ja igiya, suka fitar da tituna miƙaƙƙu masu gicciye da juna kamar gurabun dara, aka yanka wuri murabba'i-murabba'i aka rarraba wa masu gida. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da Ɗan Gulbi suka hau da sunayensu, suka kewaye sabuwar fada.

Sunaye sun hau tudu, amma tsohuwar ma'anar gida ta tsaya a kwari. A sabon gari kowane gida yana da iyaka huɗu da aka auna, ba ya iya cin gaba ko baya. In ƴaƴa sun girma sun yi aure, ba sauran zancen a ja danga a ƙara ɗaki; dole wani ya fita ya nemi nasa. Abin da aka auna kuwa ana iya kwatanta shi da waninsa, abin da ake kwatantawa kuma ana iya yi masa kuɗi. Kalmar Faransanci carré ta shiga bakin Bahaushe ta zama karre, har aka sami unguwa mai suna Sabon Karre a Maraɗi da kuma Damagaram. Harshe yakan riga masana tarihi gane cewa zamani ya juya.

Sai kuɗin gyaɗa suka zo suka tarar da wannan shiri. Maraɗi ba ta kai mutum dubu 10 ba a 1950. Cinikin gyaɗa da kamfanonin Turawa, sannan da SONARA da aka kafa a 1962, ya haifar da rukunin ƴan kasuwar da Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsu a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, da fataucin ƙetare iyaka da ya biyo bayansa, suka ninka dukiyarsu. Ɗan kasuwar da ke juya kuɗi tsakanin sefa da kuɗin Najeriya ya san takardar kuɗi ba ta da amana, kuma da yawansu suna ƙyamar kuɗin ruwa na banki. Ina za a adana riba? A mota, a shanu, a karre. Ƙidayar 1977 ta sami kimanin mutum dubu 45 a garin, ta 1988 ta sami dubu 110, ta 2012 kuma dubu 267. Sabon Gari da Sabon Karre da Sura Bildi da Zariya da Ali Ɗan Tsoho suka bi juna. Wanda ya sayi fili a bakin gari ya kewaye shi ya manta da shi, bayan shekara goma sai ya tarar gari ya zo ya wuce shi. Tun daga lokacin mutanen Maraɗi suka riƙe a ransu cewa ƙasa ba ta faɗuwa, kuma mafi yawan shekarun da suka biyo baya sun gaskata su.

Yamai: kasuwa biyu a gari ɗaya

Yamai ta karɓi ƴancin kai a 1960 da mutum wajen dubu 30. Tun zamanin Turawa kwarin Gunti Yena ya raba ta biyu, Plato na masu mulki da unguwannin ƴan ƙasa. Gwamnatin Jori Hamani ta dogara da kamfanin SONUCI don gina gidaje, da bankin Crédit du Niger don bai wa ma'aikata lamuni. Wanda ke da albashi tabbatacce ne kaɗai ke iya shiga wannan ƙofa. Sauran jama'a suka yi ta kansu. Sunan unguwar Bukoki, daga bukkoki, ya isa shaida kan irin muhallin da baƙin birni suka fara da shi. Talaje ta tashi ne a kan gonakin da masu su na gargajiya suka yanka suka sayar ba tare da izinin hukuma ba. Lazare kuwa sansanin waɗanda farin 1973 da 1974 ya koro ne kafin ta zama unguwa. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, da jami'ar da ta zauna a Harobanda, suka mai da ƙetaren kogi wurin da ake rububi.

Nan kasuwa ta rabu biyu, kuma har yau ba ta haɗe ba. A ɗaya hukuma ce ke yanka filaye ta sayar da takardar da ake kira acte de cession. A ɗayar kuma magadan gonakin Gudel da Gamkalle da Saga da sauran tsofaffin ƙauyuka ne ke sayarwa, da shaidar sarakunan gargajiya. Ta biyun ta fi araha, ta fi sauri, kuma ita talaka ke iya kaiwa, sai dai mai saye yana kwana da fargabar ranar da masu awo za su zo su ce titi ya bi ta tsakar gidansa. Mai gona shi ma yana da nasa lissafi: in ya jira hukuma ta zo, wani kaso kaɗai na filayen za a ba shi diyya, don haka gara ya riga ta. Jawabin Seyni Kunce na Disamba 1974, wanda ya ce gona ta mai nomanta ce, an yi shi ne don kare masu aro da masu jingina a karkara, amma a gefen birane ya ƙara wa igiyar ƙulli, domin gona ɗaya ta sami mai gado da mai noma, kowanne yana ganin shi ke da ikon sayarwa.

Kuɗin uraniyom, daga fara haƙa a Arlit a 1971 zuwa farkon shekarun 1980, sun kawo wani sabon abu: gidan da aka gina tun farko don haya. Babban ma'aikaci yakan sami fili da rangwame, ya ci bashin banki, ya gina katafaren gidan siminti, ya ba ofishin jakadanci ko ƙungiyar agaji haya, kuɗin hayar su biya bashin. A ɗaya gefen kuma ga dogon gida mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, iyali biyar ko goma da ba su haɗa dangi ba. Bahaushen da ya tashi a gidan da zaure da shigifa ke tsare mutuncin iyali ya koyi zama inda labule ne kaɗai tsakaninsa da maƙwabci.

Da farashin uraniyom ya faɗi, ƙofar bashi ta rufe. Bankin BDRN ya durƙushe a 1990. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kwano da ƙarfe da duk kayan ginin da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, ba ta iya wadatar da ƙasa. Ma'aikata, musamman malaman makaranta, suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni. Masu karanta wannan mujalla da dama sun ga lokacin da idonsu. A farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta biya wani ɓangare na wannan bashi da filaye. A ganina babu wani mataki da ya sauya tunanin ɗan Nijar game da ƙasa kamar wannan. Hukuma da kanta ta bayyana cewa fili kuɗi ne, ana biyan bashi da shi kamar yadda ake biya da takardar jika goma. Malamin da ke da bashin mai kanti da na mai gidan haya a wuyansa ba zai iya jiran ruwa da lantarki su isa dajin da aka nuna masa a taswira ba. Da yawa suka sayar da takardunsu da araha ga masu hali, wasu ma ba su taɓa taka wurin ba. Waɗanda suka iya daurewa suka riƙe, su ne daga baya suka ga amfanin haƙurinsu. Daga nan cinikin takarda zalla ya kankama, takarda ta bi hannu uku ko huɗu alhali ko tubali ɗaya ba a aza ba.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba ƙasar majalisu 265, galibinsu ba su da wata hanyar samun kuɗi mai kauri. Yankan filaye ya zama saniyar tatsa ga ma'aikatun magajin gari, kuma doka ta riga ta buɗe wa ƴan kasuwa masu zaman kansu ƙofar yin nasu yankan. Birane suka yi ta miƙe ƙafa fiye da yadda bututun ruwa da turakun lantarki za su iya bi. Dajin bedi da aka fara dasawa a 1965 don ya kare Yamai daga iska da rairayi ya sha gatari da awo. Filin da a da yake murabba'in mita 600 ya koma 400, ya koma 300, har 200. Aka kuma shiga zamanin fili ɗaya mai takarda biyu ko uku. Don a rage wannan ne aka fito da sauƙaƙƙiyar takardar mallaka a 2006, aka raɗa mata sunan Hausa, Sheda. Zaɓin sunan yana da ma'ana: an ɗauko kalmar da tsohon tsari ya dogara a kanta, wato shaidar mutane, aka liƙa wa kundin Nasara. A karkara kuma dokar 2 ga Maris 1993 ta riga ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaida. Wahalar tana bakin gari, inda gona ke rikiɗa ta zama unguwa, dokar karkara ta saki, ta birni ba ta kama ba tukuna.

A Tawa labarin ya ɗan bambanta, domin kuɗin gini daga nesa suke zuwa. Ƴan ci-ranin Adar da ke Abijan da Libiya da sauran wurare sun daɗe suna auna nasarar tafiyarsu da gidan da suka gina a gida. Shi ya sa rikicin Kodebuwa na 2002 da na Libiya na 2011 suka taɓa magina da dillalan garin da ba a harba ko harsashi ɗaya a cikinsa ba. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jaha-jaha, Maraɗi a 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, su ma sun motsa kasuwa: duk inda sabuwar kwalta ta bi, gidajen bakinta sun ƙara kuɗi, masu rumfunan da aka rusa kuma suka koma neman wuri a baya. An buɗe bankin gidaje na ƙasa a 2018, amma har yanzu yawancin mutane da guminsu suke gini, bulo ɗari yau, buhun siminti goma gobe, gida ɗaya ya ci shekara bakwai ko goma.

Sai ga ruwa ya dawo cikin lissafi. A 2012 da kuma Satumba 2020 kogin Kwara ya shiga unguwannin Yamai, ya fasa madatsar Lamorde a karo na biyun, dubban iyalai suka kwana a azuzuwan makaranta. A daminar 2024 abin ya game ƙasa. A ƙarshen Agusta ruwan sama mai yawa ya rusa gidaje ya kashe mutane a Maraɗi, garin da aka hau da shi tudu a 1945 don gudun irin wannan rana; shekarun yankan filaye sun sa an gina hanyoyin ruwa da tsofaffin kududdufai, waɗanda a da su ke shanye ambaliya. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. A Oktoba na shekarar hukumomi suka rage farashin siminti da doka don mutane su sake gini. Mai saye mai hankali yanzu yakan jira watan Agusta ya je ya ga filin, domin takarda, ko da mai hatimi goma ce, ba ta faɗin inda ruwa ke kwana. Wannan ilimi yana wurin tsofaffin unguwa da manoman da aka sayi gonarsu, mutanen da kasuwar takarda ta ɗauka ta gama da su.

Inda tsohon tsari da sabo suka fi cin karo a yau shi ne gidan gado na tsakiyar gari. Ɗauki gida a Birni ko Zango, ko a Bagalam. Wanda ya gina shi ya rasu da daɗewa, ba a raba ba don kunya, ƴaƴansa ma sun rasu, jikoki sun kai talatin ko arba'in, wasu a Yamai, wasu a Kano, wasu a Makka. Babu wanda zai zuba kuɗinsa a yaɓen bangon da ba nasa shi kaɗai ba, don haka soro yana tsagewa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuwa, saboda kusancinta da kasuwa, ta fi ginin daraja nesa ba kusa ba, wato an juya lissafin kakanni kai a ƙasa. Ɗan kasuwa ya zo da tayi, niyyarsa ya rushe ya yi kantuna. Masu son a sayar galibi su ne mabuƙata, sau da yawa mata da marayu waɗanda rabonsu na shari'a ba zai taɓa zuwa hannunsu ba sai an mai da gidan kuɗi, kuma ba daidai ba ne a zarge su da rashin kishin gado. Masu ƙi kuma su ne mazauna ciki, waɗanda kasonsu ba zai saya musu ko rabin fili a bayan gari ba. Mai sayen da ya biya ɗaya daga cikin magada ba tare da an tara sauran gaban alƙali an fitar da rabon kowa ba ya sayi shari'a da kuɗinsa, domin haƙƙin shuf'a da fiƙihu ya tanada bai mutu ba, kuma ɗan'uwan da ke Kano zai dawo wata rana.

Tun 2006 tsohon birnin Damagaram yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, matsayin da Agadas ta samu a 2013. Ƙungiyoyin raya al'adu suna yawan kira a kiyaye zanen bango da zankwaye, kuma kiran yana bisa hanya. Amma gidan da ke da magada arba'in ba ya tsayuwa da kira. Yana buƙatar a san mai shi a rubuce, a sami hanyar da mazauna ciki za su fanshi rabon ƴan'uwansu a hankali, a kuma sami maginin da ya iya makuba wanda aikin zai ciyar da shi har ya koya wa ɗansa. A Yama, cikin jahar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, ginin ya ci lambar Aga Khan a 1986, kuma jama'ar garin ne suka ɗauki nauyin gyaransa da hannunsu, domin kowa ya san na wane ne da kuma wanda yaɓensa ya rataya a wuyansa.